Zanin Maza Yadi Takwas

Litinin 23 ga Satumba, da hantsi

An dawo da zanin. Shekara talatin da ɗaya ina saƙa, ba a taɓa dawo mini da aiki ba sai yau.

Murja, autata, ita ta sayo mini littafin nan wai in riƙa rubuta ƙidayar zare kada in manta. Ban taɓa mantawa ba. Shuɗi talatin da biyu, kore takwas, shuɗi takwas, kore talatin da biyu, ja huɗu, a juyo baya. Tunda littafin yana nan a banza, bari in rubuta abin da aka yi mini, da rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga dama ya yi dariya.

Aikin na Alhaji Umar Farouk ne, wani babba a ma'aikatar gwamnati. Ya yi karatu a Sikotilan, ya dawo da wata algaita mai jaka da ake matsewa a hammata, tana kuka kamar an taka wa akuya wutsiya. A can masu busa ta zani suke ɗaurawa, ƙattin maza, gwiwa a waje. Wai kilti. Yadinsa kuma wai tatan, gida-gida ne, layi a tsaye layi a kwance. Alhaji ya zana nasa da kansa, ya sa aka aiko masa da zaren ulu daga can, ya ce hannun ƙasar nan yake so ya saƙa masa. Aka ce masa ya zo Ushafa wurin Kubra, ita ke da faffaɗar masaƙa. Ya zo. Na saƙa yadi takwas cikin sati uku.

Oga Leonard ne ya dawo da shi, telan Alhaji da ke Wuse. Ya shimfiɗa shi a tabarma yana ninkawa.

Ya ce, "Mama, duba. In na ninka haka, haka, haka, dole layi ta hau layi a baya. Nan kore, nan kore, nan kore, nan kuma shuɗi. Wuri tara, Mama. Na ƙirga."

Na duba. Na ce ni ban ga komai ba.

Ya ce, "Ga ta nan ƙarƙashin yatsa na."

Na ce ɗauke yatsanka, guga ka sa masa ta cinye launi. Ya rantse da Allah bai sa guga ba. Na ce to laifin zare ne.

Ko ruwa ban ba shi ba.

Litinin, bayan la'asar

Laifin zare ne.

Talata 24, da hantsi

Na fito da shi rana na sake dubawa gida-gida. Lafiyarsa ƙalau. Shuɗin duhu ne, koren duhu ne, wane mai hankali ke haɗa duhu da duhu? Da ni aka tambaya da na ce a sa rawaya. Mutanen da rana ba ta fito musu su ne za su koya mini launi.

Biron nan ma ba ya fitowa. Duk birukan yanzu haka suke, ruwa-ruwa.

Laraba 25, bayan azahar

Alhaji ya zo da kansa, da direba. Mutumin kirki ne, wannan ban hana masa ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, tumbinsa na hana shi kaiwa ƙasa.

Ya ce, "Inna, ba faɗa na zo yi ba. Saƙar ta yi kyau, ko a can ban ga bugu mai ƙarfi irin naki ba. Launin ne kawai ya sauya wuri."

Na ce launi ba shi da ƙafa.

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce zaren da ya rage a wurina shi ke nan, na zani ɗaya ne cif, in aka ce a sake aikowa sai an yi wata uku, su kuma ranar ashirin da shida ga watan gobe za su yi busa a wani taro, shi ne a gaba. Leonard yana son sati guda na ɗinki. Sai ya fara kame-kame, wai akwai wani mutum a Karu mai inji.

Na ce, "Alhaji, ka faɗi abin da ka zo faɗa."

Ya ce ko zan ba shi zaren.

Na ce zaren da ya kwana a ɗakin nan ba ya fita sai a saƙe. In yana so ya shiga ya ɗauka da hannunsa, ga ƙofa nan. Ya dubi ƙofar, ya dube ni. Bai shiga ba. An yi masa tarbiyya.

Na ce zan sake saƙawa, ranar sha tara ya zo ya karɓa.

Alhamis 26, da safe

Ruwa tun asuba. Ɗakin saƙa duhu. Ban taɓa komai ba.

Asabar 28, da yamma

Murja ta zo daga Kubwa. Leonard ya buga mata waya, munafuki.

Ba ta ko ajiye jaka ba ta fara. Ta kawo maganar faɗuwar nan ta watan jiya a bakin kwata, wadda ba faɗuwa ba ce, zama na yi. Ta kawo maganar maganin da na sha na safe da yamma, na yamma da safe. Ban mutu ba ai. Ta kawo maganar asibitin nan da take ta kawowa tun azumi. Na ce kada ta sake ambata mini wannan a gidana.

Ta ce, "Inna, ɗaki na nan na gyara miki. Fanka, banɗaki a ciki, ga jikokinki. Ki huta mana, don Allah. Me kike nema?"

Na ce a hawa na uku? In yini ina kallon saman bos? Masaƙar fa?

Ta ce masaƙa ba za ta hau bene ba, a ba wa wani.

A ba wa wani. Ranar da mijina Malam ya rasu, kafin a yi bakwai ƙannensa suka zo daga Zariya za su kwance masaƙar nan, wai mace ba ta zama a masaƙar maza tana taka ƙafa. Na shiga na zauna a kai, cikin takaba. Na ce su kwance ta da ni a ciki. Murja tana goye a bayana a lokacin. Da masaƙar nan ta ci, da ita ta yi boko, yau ita ce za a ba wa wani.

Ban gaya mata wannan ba. Ta sani.

Muka yi ta yi har ta yi kuka. Kukan Murja ba ya ɗaga mini hankali, tun tana jaririya haka take. A ƙarshe ta ce to mu yi magana ɗaya. In aka sake dawo da zanin nan, ranar za ta zo da mota, ba musu. In ba a dawo da shi ba, ba za ta ƙara cewa Kubwa ba.

Na ce na yarda. Na ce ta kira Magdalena ta zama shaida, don 'yan boko suna da mantuwa.

Lahadi 29, da yamma

Magdalena maƙwabciyata ce, Bagwariya, maginiyar tukwane. Shekara arba'in muna katanga ɗaya. Ita ma nata mijin ya tafi. Ta dawo daga coci ta shigo da ɗankwalinta kamar an kifa mata kwando, ta zauna ba wanda ya ce ta zauna.

Ta sa hannu a kwandon zare ta ɗauko kwarkwaro biyu, wato ƙananan sandunan da nake naɗe zare a kai in sa cikin ƙoshiya, wadda nake jefawa ta ratsa saƙa.

Ta ce, "Kubra, wanne ne kore?"

Na ce ni ba 'yar firamare ba ce.

Ta ce, "Wanne?"

Na nuna na dama.

Ta mayar da su kwando. Sai ta ce, "Duka biyun shuɗi ne, tsohuwar banza."

Na ce hadari ne ya rufe rana. Ta ce rana tana nan tana gasa mata ƙeya. Na ce ta fita mini daga gida. Ta ce sai ta gama cin gyaɗar da ke gabanta. Ta ci, ta fita.

Lahadi, kafin magariba

Hadari ne.

Litinin 30, da yamma

Ta dawo. Ba ta ce komai kan jiya ba, ni ma ban ce ba.

Ta ce za ta tsaya mini a wadari, wato jeren zaren tsaye, tunda yini ɗaya ne. Amma ba za ta zauna mini sati uku tana cewa kore, shuɗi, kore, shuɗi ba, tukwanenta na jiran wuta. Na ce wa ya roƙe ta?

Muka yi wadari tun hantsi har la'asar. Ni ke ƙirgawa, ita ke miƙo zare. Sau huɗu ta buge mini hannu. Na ƙyale ta don ta girme ni da shekara ɗaya, in ji ta.

Talata 1 ga Oktoba, bayan azahar

Yau hutu ne, jirage sai wucewa suke ta sama. Na shigar da zaren tsaye cikin masaƙa. Wannan da yatsa ake yi, ba ruwan kowa.

Saura zaren kwance. Nan ne abin yake. Kwarkwaro yana ƙarewa in sa hannu a kwando in ɗauko wani. Sau ɗari nawa a zani ɗaya? Ko an raba kwando biyu, sai ɗaya ya gangaro, sai in tashi salla in dawo in manta wace ƙoshiya na ajiye a hagu. Ja ba ya ba ni wahala. Waɗancan biyun ne munafukai.

Ban ce laifina ba ne. Na ce munafukai ne.

Laraba 2, da safe

Ina kaɗa miya abin ya zo mini. Na sa hannu a kan kantar kayan miya ban ko juya ba na ɗauko daddawa. Yaya aka yi na san ita ce ba kanwa ba? Hanci.

Na leƙa katanga na ce Magdalena ta ba ni tulu biyu masu murfi, sababbi. Na ƙunshe daddawa a ganye na sa a gindin ɗaya. Na zuba kanamfari a gindin ɗayan. Ta raba mini zaren tas, kore duk ya shiga tulun daddawa, shuɗi ya shiga na kanamfari. Muka rufe da tsumma.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Babban mutum zai tsaya gaban manya yana warin miyar kuka!"

Na ce ya fi ya tsaya layinsa a karkace.

Ta ce, "Ƙudaje za su bi shi har cikin mota."

Na ce su bi shi, zai samu 'yan rakiya.

Juma'a 4, bayan la'asar

Ya kama. Ulu yana shan wari kamar soso. In na ɗauko kwarkwaro sai in kai hanci tukuna. Daddawa talatin da biyu, ja huɗu, daddawa talatin da biyu, kanamfari takwas, daddawa takwas, kanamfari talatin da biyu. Yau na yi kusan rabin yadi. Magdalena ta leƙo ta duba ta ce babu kuskure ko ɗaya. Na ce da ma.

Asabar 5, da hantsi

Murja ta bugo. Na ce lafiya lau. Ta ce, "Inna, kina iya bambanta su?" Na ce waya ba ta ji, na kashe.

Litinin 7, da yamma

Yadi biyu. Bayana kamar an daka shi a turmi. Yunwa nake ji kullum saboda warin nan.

Leonard ya bugo wai yana so ya zo ya duba aiki rabi-rabi, wai haka ake yi a kamfani, a duba kafin a gama. Na ce nan ba kamfani ba ne. Ya ce, "Mama, ni ma suna na tana ciki." Na ce sunanka ya zauna a Wuse, ranar sha tara ka zo da shi.

Laraba 9, bayan azahar

Yadi uku da rabi. Ruwa ya kama ni a hanyar masallacin unguwa, na je gaisuwar mutuwa. Na jiƙe sharkaf. Ba komai.

Alhamis 10, da safe

Atishawa.

Alhamis, bayan la'asar

Mura ce. Hancin ya toshe ƙam, duka ƙofa biyun. Na sa fuskata cikin tulun daddawa har wuya, ban ji komai ba. Kamar na sa kai a rijiya.

Na sha citta. Na sha tafarnuwa. Na shafa man zafi har hawaye. Na yi sirace da ganyen darbejiya. Ba abin da ya buɗe.

Magdalena ta tafi Bwari wurin 'yarta da ta haihu, sai Lahadi.

Saura kwana tara.

Juma'a 11, da hantsi

Ba zan zauna ba. Tulu na hagu kore, tulu na dama shuɗi. Ƙoshiyar kore na ɗaura mata tsumma. Me ya rage? Mutanen da suka saƙa kafin ni da hanci suka yi?

Juma'a, da yamma

Na yi yadi ɗaya cur. Ban taɓa yin yadi ɗaya a yini ba. Haushi ne.

Sau ɗaya kwarkwaro uku suka zubo daga cinyata da na tashi alwala. Na tsince su na mayar inda suke. Na san inda suke.

Na san inda suke.

Asabar 12, da yamma

Yau ba zan rubuta da yawa ba, amma zan rubuta.

Da asuba hancin dama ya buɗe. Na ji warin hayaƙin maƙwabta, na ce alhamdu lillahi. Da gari ya waye na shiga ɗakin saƙa. Ba wanda ya sa ni. Na sassauto abin da na naɗe jiya, na durƙusa, na bi shi da hanci gida-gida. Daddawa. Kanamfari. Daddawa. Kanamfari. Can wajen farkon aikin jiya, inda ya kamata in ji kanamfari, sai na ji daddawa. Na sake shinshinawa. Daddawa ce, faɗin yatsa uku.

Wuri ɗaya ne tak. Yadi guda a baya.

Na zauna ina tunani. Wuri ɗaya zai iya faɗawa cikin ninki, Leonard bai gani ba. Zai iya kuma faɗawa a tsakiyar gindin Alhaji. Ko ba wanda ya gani, ni na ji shi.

Ina nan durƙushe, hancina a kan zani, gindina a sama, sai na ji an ce, "Inna?"

Murja ce. Ban ji shigowarta ba. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Ta ce, "Inna, me kike yi?"

Na ce aiki.

Ta dubi tulunan, ta buɗe ɗaya, ta ja da baya tana toshe hanci. Ta buɗe ɗayan. Murja ba wawiya ba ce, ni na haife ta. Ta zauna a bakin ƙofa da kayanta masu tsada, a ƙasa.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun Laraba waccan.

Ta ce, "Ba tulu nake tambaya ba."

Na ce miƙo mini allurar can, warwara zan yi.

Na zaci za ta fara maganar mota. Ba ta fara ba. Ta zo ta duba inda na sa yatsa, ta ce, "Kore ne a wurin shuɗi. Nan kawai?" Na ce nan kawai. Ta bi sauran da idonta tun daga farko har ƙarshe, a hankali, ta daɗe. Ta ce, "Nan kawai." Muryarta wata iri.

Na ce in kuka za ta yi ta fita waje, ulu ba ya son ruwa.

Muka warware yadi guda. Ita tana naɗewa ni ina zarewa. Ba ta iya ba, ta tsinka mini ya fi goma. Ulu in ya sha bugu aka zare shi sai ya yi laushi ya rube a hannu. Mun yi asarar zare da yawa. Ban san ko nawa ba.

Da za ta tafi ta ce, "Maganarmu tana nan." Na ce ni ma ban ce ta tashi ba.

Lahadi 13, bayan azahar

Magdalena ta dawo, ta sake raba abin da muka warware, kowa ya koma tulunsa. Ta ɗaga tulun kore ta jijjiga ta ce, "Kubra, wannan ba zai kai ba." Na ce tukwane ta sani.

Talata 15, da yamma

Yadi biyar da rabi. Ba na magana da kowa. Yanzu kowane gida in na gama sai na shinshina kafin in naɗe.

Alhamis 17, da la'asar

Koren ya ƙare.

Na juye tulun. Na kakkaɓe. Na ƙulla guntayen da Murja ta tsinka, na samu layi goma sha ɗaya. Shi ke nan. Na auna da sandar Malam, yadi bakwai da taƙi guda.

Shuɗi ya rage da yawa. Ba zan sa shuɗi a wurin kore ba ina sane. Na yanke, na ɗaure baki.

Juma'a 18, da safe

Na shanya shi a inuwa ya sha iska. Awakin unguwa uku sun zo sun tsaya.

Asabar 19, bayan la'asar

Sun zo da hantsi. Alhaji, Leonard da tef a wuya, Murja. Magdalena ta ɗauko kujerarta ta zauna a tsakar gidana kamar alƙali.

Aka rataya zanin a igiyar shanya daga wannan katanga zuwa waccan. Leonard ya sa tabarau, ya fara daga hagu yana taɓa kowane gida da fensir yana ƙirgawa da Turanci. Ya kai ƙarshe ya dawo. Ya zagaya baya ya sake. Ya ninka, ya ninka, ya ninka, ya ɗaga wa rana. Ni ina zaune ina tsintar wake. Ba tsakuwa nake cirewa ba, juya shi kawai nake yi.

Ya ce, "Oga, babu. Ko ɗaya babu."

Sai ya kai hanci. Ya ce, "Amma Mama, me ya sa kaya tana warin miya?"

Magdalena ta kusa faɗowa daga kujera. Alhaji ya shinshina, ya ce daddawa ce, ya ce rabonsa da jin irin wannan tun kakarsa na raye. Ya tambayi dalili. Na ce sirrin sana'a ne. Murja ta dubi ƙasa.

Leonard ya ce ba a wanke ulu da ruwan zafi, ba a dirza shi, warin nan zai yi wata. Alhaji ya ce a fili za su yi busa, iska za ta taimaka.

Sai Leonard ya ja tef. Na san za a zo nan.

Ya ce, "Bakwai da kwata. Mama, takwas muka ce."

Na ce zare ya ƙare.

Ya ce, "Bakwai da kwata ba ta zagaya Oga."

Na ce wannan ba laifin zani ba ne. Na ce Alhaji, kwana bakwai ne, ka bar tuwon dare.

Murja ta ce, "Inna!"

Alhaji ya kama tumbinsa da hannu biyu yana dariya. Leonard bai yi dariya ba. Ya sa tef a ƙugun Alhaji, ya rubuta a tafin hannu, ya auna gida ɗaya, ya sake rubutawa. Ya ce in ya rage zurfin ninki, ya cire biyu, wataƙila. Wataƙila. Bai yi alkawari ba. Sai ya yanka ya jera zai sani, in bai kai ba zai dawo da shi a yanke.

Suka naɗe shi suka sa a mota.

Murja ta tsaya a ƙofa. Na ce ba a dawo da shi ba. Ta ce ba a gama ba tukuna. Magdalena ta ce shaida tana nan, ba ta mutu ba.

Litinin 21, da hantsi

Shiru.

Talata 22, da yamma

Shiru. Duk motar da ta tsaya a layi sai in ji ko ita ce. Na share ɗakin saƙa, na shafa wa masaƙa mai. In za a zo a same ta, a same ta da kyanta.

Laraba 23, bayan azahar

Leonard ya bugo. Ya ce, "Mama, ta kai. Da ƙyar, amma ta kai. Ninki ashirin da huɗu, layi ta hau layi kamar an ja da rula. Oga ya gwada, in bai yi numfashi da ƙarfi ba lafiya lau." Ya ce duk shagonsa warin miya, kwastomomi suna tambaya ko ya fara sayar da abinci. Ya ce mutum biyu cikin abokan busar Alhaji suna son nasu.

Na ce su kawo zare. Na ce kuma wancan na farko, wuri taran nan, ba gugarsa ba ce. Ya ce, "Na sani, Mama." Na kashe kafin ya ƙara wani abu.

Na leƙa katanga na gaya wa shaida. Ta ce to sai a dawo mata da tulunanta. Na ce ta gina wasu.

Na bugo wa Murja da kaina. Na ce ba a dawo da shi ba, kuma ba za a dawo da shi ba. Ta ce ta ji, ta bar maganar Kubwa, ta yi alkawari. Na sa ta maimaita.

Sai na ce mata, yanzu da ba wanda ya kai ni ƙasa, zan faɗa. Yanar ido ce gare ni, duka biyun, tun bara. Shuɗi da kore ƙasa ɗaya suke a wurina. Fuskarta ma da muryarta nake gane ta. Ga shi na faɗa, ga shi na rubuta.

Ta fara kukan nata. Na ce ta adana shi, ta zo Litinin da motar ta kai ni asibitin nata, a kankare. Kaina kawai za ta ɗauka, ko tsinke ba zai fita daga gidan nan ba, kuma a nan zan kwana.

Ta ce likita ya ce ɗaya ake fara yi, sai ya warke a yi ɗayan.

Na ce da ma ɗaya zan ba su. Ɗayan yana nan yana gadin masaƙa.